Kafin Maigida Ya Cire Injin Motar Marayu

'Yar'uwa, in dai kina shiga gidaje barka ko gaisuwa ko dubiya a cikin garin Sakkwato, na tabbata kin san irin motar da nake nufi. Tana can gefen tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, ko cikin garejin da aka mayar wurin ajiye buhunan gero, tayoyinta sun sace sun nutse cikin rairayi, kaji na ƙwai a kujerar baya, yara na wasan direba da sitiyarinta. Maza ba su cika ganinta ba, don su iyakarsu zaure. Mu ne muke ganinta, mu ne kuma muke kai labarinta gida cikin hira. To ki sani, ranar da injin motar maigidanki ya buga, wannan hirar zai fara tunawa, kuma ke ce zai aika ki taya masa.

Galibin waɗannan motoci Fijo ne, kuma akwai dalili. A 1968 aka fito da Peugeot 504 a Faransa, a 1975 kuma masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a nan gida, daidai lokacin da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji. Gwamnati ta mayar da ita motar ofis, ma'aikata suka saye ta da rancen mota, direbobin haya suka ɗauki mai dogon baya, 'yan kasuwa suka ɗauki akori-kura. Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan nan. Shi ya sa har gobe injin wannan yakan zauna a jikin waccan, kuma bakanike ya fi murna da ganin matacciyar Fijo a bayan gida fiye da sabuwar mota a titi. Ga shi kuma ƙasarmu busasshiya ce. Motar da tsatsa za ta cinye a Legas ko Fatakwal, a nan sai ta shekara goma ƙarfenta na nan, robobinta ne kawai rana take gasawa.

Mu tamu akori-kura ce. Maigidana malamin makaranta ne, albashinsa ci da sha yake ɗauka, ita kuwa motar ita ke biyan kuɗin makarantar yara huɗu. Direba ke janta, yana ɗauko albasa daga wajen Wurno da Goronyo zuwa cikin gari. A azumin 2024, cikin zafin nan na watan Maris da ke haura digiri 40, tiyon lagireto ya fashe a hanya, direba bai lura ba sai da inji ya buga. Kuma kin san lokacin nan ne kakar albasa, kowace rana da mota ta kwana a gareji asara ce. Bakaniken da ke duba mana ita a J. Allen ya ce hanya biyu ce. Ko a sayi injin Beljiyam, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, ko kuwa a nemi wata Fijo da ta mutu a tsaye, wadda ba inji ne ya kashe ta ba, a saye ta ɗungurungum, a sauke injin a ɗora wa tamu, gangar jikin a sayar wa 'yan gwangwan a rage asara.

Akwai irin wannan mota a gidan wata dattijuwa da muke zumunci da ita tun zamanin mahaifiyata. Mijinta ɗan kasuwa ne, ya rasu a 2013, tun daga ranar ba wanda ya sake murɗa mata makulli. Na nemi izini, Hajiya ta ce a shigo, mata suka shiga ɗaka, maigida da bakanike suka yaye tsohon tamfol ɗin da aka rufe ta da shi.

Bari in faɗa miki abin da bakaniken kirki yake yi a irin wannan wuri, don ki san abin da za ki tambayi maigida in ya dawo yana zumuɗi. Ba ya fara sa batir ya tayar. Sai ya zaro sandar auna baƙin mai tukuna: in man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga inji, magana ta ƙare. Sannan ya kwance fulogai, ya ɗiga mai a kowane rami, ya bari ya kwana, washegari ya sa sifana ya juya injin da hannu. In ya juya, akwai rai. In ya ƙi, fistin sun kama, abin da za a saya tarin ƙarfe ne. Sai a duba wayoyin da ɓeraye suka ci, da tsohon fetur da ya zama danƙo a tanki. Injin motar Hajiya ya juya sumul a rana ta biyu. Maigida ya dawo gida kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Sai dai tun ranar farko babban ɗana, wanda ya bi su, ya lura da abin da su bai dame su ba. Motar ƙofa biyu gare ta, ta fi 504 ɗin da muka sani gajarta da kwanciya a ƙasa, kuma babu kafireta a injinta, wani famfo ne ke tura mai. Ya ɗauki hotonta ya bincika a intanet. Ashe irin ta tsere ce da shan iska, wadda ake kira 504 Coupé. Kaduna ba ta taɓa harhaɗa ta ba. Wani kamfanin Italiya mai suna Pininfarina ne ya zana ta yake kuma ƙera gangar jikinta, daga 1969 zuwa 1983, kuma 'yan kaɗan aka yi in aka gwada da fiye da miliyan uku na sauran 504. 'Yar'uwarta mai silinda shida ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978, ta kuma ci ta Bandama a Kodebuwa a shekarar. Marigayi Alhaji, in ji Hajiya, daga hannun wani Bafaranshe da zai koma gida ya saye ta a Yamai, ya shigo da ita ta Ƙonni da Illela. A Turai masu tara tsofaffin motoci nemanta suke yi, mai lafiya tana kuɗi sosai. Ta gidan Hajiya ba ta kusa da wannan daraja, kujerunta sun zube, gilashi ɗaya ya fashe, fenti ya ƙone. Amma ba kayan gwangwan ba ce, kuma darajarta tana cikin kasancewarta cikakkiya da injinta na asali. Ranar da aka sauke shi, abin da ya rage kwano ne.

Kuɗin da maigida ya ba ni in kai tayi bai kai na raguna biyu na layya ba. Kuma na san Hajiya za ta karɓa, har da godiya.

Na je bayan la'asar. Da na fara zancen, sai ta ce, "Ɗiyata, wagga mota tun ran da Alhaji yat tahi take nan. In ku za ta yi ma amfani, ku ɗauka, ko nawa kuka ba da Allah shi sa albarka." Na ce, "Inna, an raba gadon kuwa har da ita?" Ta yi shiru, sannan ta ce an raba gidaje da gonaki da kuɗin banki, motar dai kowa ya ji nauyin ambatonta, don ita ce abin da marigayi ya fi so, sai aka bar ta.

A nan ne nake son ki tsaya da ni, 'yar'uwa, don a nan yawancinmu muke wucewa da sauri. Kasancewar mota a tsakar gidan mace bai sa ta zama tata ba. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni gare ta, wato kashi ɗaya cikin takwas, in kuma su biyu ne ko fiye, wannan kason za su raba. Alhaji ya bar mata biyu. Ke nan abin da Hajiya ta mallaka a motar kashi ɗaya ne cikin goma sha shida, ko taya huɗun ba su cika nata ba. Sauran, ban da kason amarya, na 'ya'ya tara ne: babbansu yana aiki a Abuja, mata uku suna gidajen aure, ɗaya har Birnin Kebbi, amarya kuma ta koma gidan iyayenta da nata, autansu yana shekara 12. Wannan yaro maraya ne da bai balaga ba, ba shi da bakin cewa na yafe, kuma ba wanda ke da ikon yafewa a madadinsa. Waliyyinsa ma ba zai sayar da kasonsa ba sai a kan abin da ya fi masa amfani. Ni kuwa ga ni zaune da masaniyar da mai sayarwa ba ta da ita. Kunya da karar da Hajiya ta nuna min, in na karɓa, daga aljihun wannan yaro za su fito.

Na faɗa mata abin da ɗana ya gano, na nuna mata hotunan a waya, na roƙe ta ta kira babban ɗan gidan.

Kada ki zaci da na koma gida an yi min sannu da aiki. Maigida ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, ciniki ne, mai abu ta ce ta sayar. Ya ce in ba mu saya ba, wata rana 'yan gwangwan za su auna ta a sikeli, marayun ba za su ga ko sisi ba. Kuma wallahi wannan magana tasa akwai gaskiya a cikinta, don haka ake yi da yawancinsu. Ya tuna min kuɗin makaranta na zangon da ke tafe. Ni dai abin da na riƙe shi ne, motar nan abincin 'ya'yanmu take ɗaukowa, ba na son a ɗora mata injin da akwai haƙƙin maraya a cikinsa. Kwana uku muna gaisuwa sama-sama, ga azumi. A na huɗu, bayan sallar asham, shi da kansa ya je ya tambayi limamin unguwa. Bai faɗa min yadda suka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Da safe dai ya ce in karɓo masa lambar babban ɗan.

Magadan sun ɗauki mako bakwai kafin bakinsu ya zo ɗaya. Aka kira mutum biyu da suka san harkar mota suka yi mata kuɗi, kowa daban. Kuɗin da suka ambata ya ninka tayinmu sau da yawa, ya fi ƙarfinmu nesa. A ƙarshe babban ɗan ne ya saye ta daga hannun 'yan'uwansa, aka rubuta takarda gaban shaidu, kowa ya karɓi kasonsa, na autan aka damƙa wa kawunsa. Aka ɗora ta a babbar mota zuwa Kaduna, inda har yanzu ake samun tsofaffin hannu a gyaran Fijo.

Mu kuwa kakar albasar shekarar ta wuce mu. Sai bayan babbar sallah muka sami injin wata 505 da ta yi hatsari ta baya, mai ita yana raye, takardunsa a hannu. Kafin nan na sayar da 'yan kunnena na gwal aka biya kuɗin makaranta, har yau ban mayar da su ba. Wani abu da bakaniken ya nace a kai, ki tuna wa maigidanki: kowane inji yana da lamba a jikinsa, lambar kuma tana cikin takardun mota. In an sauya inji, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan mai sayarwa da sa hannun shaidu, a je ofishin lasin a gyara takardu. In ba haka ba, ranar da aka tsayar da direba a shinge aka buɗe bonet, shi zai yi bayanin inda ya samo injin da ba na motarsa ba.

In kuma ke ce Hajiyar, motar tana tsakar gidanki kina kallonta kullum kina tuna mai ita, ina jin abin da kike ji, ba na ce ki rabu da ita gobe ba. Amma ki tara yaran a ambace ta a cikin gado tun yanzu, a san ta wane ce. Wanda ta faɗa hannunsa ya ɗaga ta a kan bulo, ya cire batir, ya tsiyaye tanki, ya fitar da ita daga ƙarƙashin itace, don ganye da kashin tsuntsaye su ke toshe magudanan ruwanta har damina ta ruɓar da ƙasanta. Takardun kwastan da na lasin kuma ki neme su tun kina tuna akwatin da Alhaji yake ajiye su. Na Hajiya sai da aka kwana biyu ana zazzage adaka kafin aka same su a cikin wata tsohuwar jakar aikin hajji.