Masu Amshi a Bayan Faifai

A Mandera, can wajen Boɗinga da Shagari, akwai wani dattijo wanda ba shi da abin so kamar tara tsofaffin faya-fayan garmaho da kaset na makaɗan fada. Yakan jera faya-fayan a tsaye cikin adaka, a ɗakin da ya fi sanyi, gama zafin bazara yana tanƙwara faifai, in kuwa ya faɗi ya fashe, shi ke nan.

Amma abin da ya dame shi 'yan amshi ne. A jikin faifai sunan uban kiɗi kaɗai ake bugawa. Kowa ya san Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973; to, wa zai lissafa mutanen da suke karɓa masa? Alhali kuwa cikinsu ake samun gwanaye. Musa Ɗanƙwairo kansa, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana yi wa wansa Abdu Kurna amshi, har sunan nan nasa ma daga wani ɗan amshin mahaifinsu mai zaƙin murya, wai shi Ƙwairo, aka samo shi.

Don haka ran kasuwa dattijon yakan ɗauki rikoda ya bi tsofaffi, ya sa musu waƙa, ya tambaye su muryar wane ne wannan. Wani ya gane, wani ya yi gardama. Sai mutum biyu sun yarda yake rubuta suna a littafinsa. Bara biyu daga cikin masu gane masa muryoyi sun rasu, kuma akwai kaset goma da bai kai musu ba.