Abincin kasuwa a hanyar Legas zuwa Abijan



Duk lokacin da matasanmu suka fara shirin fita waje saro kaya, tambayar farko da suke yi mana ita ce ta canji da kwastan. Ta biyu kuwa ta ciki ce: "Alhaji, to can me za mu ci?" Saboda yawan tambayar muka ga ya dace mu rubuta abin da muka sani daga tafiye-tafiyenmu a hanyar da ta tashi daga Legas ta bi Kwatano da Lome da Accra har Abijan, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 cikin ƙasashe 5. Amsarmu a taƙaice ita ce a shiga kasuwa a ci abin da mutanen gari suke ci, amma da lura.

Mun san yadda ake shirya jaka: garin kwaki, kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli da kwalbar yaji. Guzuri ba laifi ba ne, yana ceton mutum ranar da dare ya yi masa a boda. Sai dai akwai wanda zai yi mako biyu a Gana bai saka abincin Gana a bakinsa ba. Daga masauki a Zango sai shago, daga shago sai masauki. Zai dawo da kaya, amma in ka tambaye shi halin mutanen ba shi da abin faɗa sai farashi.

Mu da muke zaune a Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san yadda muke ji idan maƙwabcinmu Bayarabe ya zo sunan ɗanmu a Agege ko Idi-Araba, ya wanke hannu ya zauna kan tabarma ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari. Mun kuma san yadda muke ji da wanda ya leƙa kwanon ya yatsine fuska ya ce ya ƙoshi. Na farkon ko bashi ya nema ba ma jin nauyin ba shi. To da irin wannan idon mutanen Kwatano da Accra suke kallonmu in mun je garinsu.

Da an tsallake Seme an shiga Kwatano, abin da ya fi yawa a gaban mata masu abinci a kasuwa shi ne akasa, wato ekon nan da muka saba da shi a Legas, ana ci da soyayyen kifi da markaɗen tumatir da barkono. Akwai amiwo, tuwon masara ne da ake tuƙawa cikin romo da tumatir har ya yi ja. Wanda muka fi so mu nuna wa baƙo shi ne wagasi, cukun da Fulanin arewacin Jamhuriyar Benin suke yi da madarar shanu. Da ruwan tumfafiya ake daskarar da madarar, wasu kuma su rina bayansa da karan dafi ya yi jawur. Ana soya shi a jefa a miya, kuma ya wadatar da duk mai shakkar nama. A Lome ba mu cika daɗewa ba, amma sakwarar doyarsu da shinkafa da waken da suke kira ayimolu sun isa a tsaya dominsu.

Gana ce za ta fi ba ɗan Hausa mamaki. Da safe a Accra ko Kumasi za ka tarar da layi gaban wata Hajiya, ma'aikatan banki da 'yan makaranta, Kirista da Musulmi, kowa yana jiran abin da su da kansu suke kira Hausa koko, tare da ƙosai wanda suke ce wa kose. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da barkono, ya fi namu yaji. Da hantsi sai waakye, wanda suke furtawa "wace", kuma daga kalmarmu ta wake sunan ya fito. Shinkafa da wake ce da aka dafa da karan dafi, shi ya sa take yin ja. Ana zuba maka ita a ganye, a ɗora taliya, wadda su ma taliya suke ce mata, a ƙara gari da dafaffen ƙwai da ganda, sannan a ɗiga shito, baƙin yajin da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Da yamma ga tuo zaafi, tuwo mai zafi ke nan, da miyar ayoyo, ganyen da Yarabawa ke kira ewedu.

Waɗannan sunaye suna da tarihi. Kakanninmu fataken goro sun yi ta bin hanyar Gwanja zuwa Salaga ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasu suka zauna suka yi aure suka kafa zanguna. Da a ce sun killace kansu da tukunyarsu, da yau babu Ba'ashanten da ya san koko. Sun ciyar da mutane, su ma sun ci na mutane. Don haka in ka je kada ka tsaya kan abin da ya yi kama da na gida. Ka gwada kenke, wanda wasu ke kira dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, ana ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Ka gwada banku da gasasshen karfasa. Tsamin zai ba ka mamaki a rana ta farko, a ta uku da kanka za ka nema. Kuma in ka tarar da mutumin Gana yana cin abinci zai gayyace ka, kamar yadda muke cewa bismillah.

A Abijan abincin talaka da ɗalibi da direba shi ne garba. Aceke ne, wato rogon da aka sarrafa aka turara har ya yi kama da dambu, a ɗora soyayyen kifin tuna da yankakken attaruhu da albasa da tumatir. 'Yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi, kuma da sunan nan namu na Garba ake danganta sunan abincin. Shi aceken kansa hukumar UNESCO ta saka fasahar yin sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024.

Yanzu sai batun lura, wanda shi ne ya fi damun iyayenmu, kuma suna da gaskiya. A kudancin waɗannan ƙasashe ana cin alade da naman daji, wani lokaci a rumfa ɗaya da kifi. Ka tambaya kafin ka zauna, ba wanda zai ji haushi. A ƙasashen Faransanci kalmar alade ita ce "porc", ana furta ta "por", ka haddace ta. Ka duba ko a mai ɗaya ake soya komai. In ka yi shakka ka tsaya kan kifi, wake, ƙwai ko wagasi. Wuraren cin abincin da ake kira maki a Abijan galibi ana sayar da giya a cikinsu, don haka rumfar rana a kasuwa ta fi mana. Ta fuskar lafiya, ka nemi inda mata da yara suka yi layi kuma tukunya tana tururi, ka bar abin da ya huce yana jiran mai saye, ka sha ruwan da kai ka ɓalle murfinsa.

Akwai riba kuma ta kasuwanci. Mai abinci a kasuwa ta san direban da ba ya cin amana, ta san dillalin da ake gudu. Sau uku in ka zauna a bencinta ka gaishe ta da harshenta, za ta faɗa maka abin da ba za ka ji a otal ba. Wanda kake sayen kaya a hannunsa ma, ranar da ya ga kana cin abin da uwarsa ta raine shi da shi, cinikinku ya sauya.

Muna roƙon waɗanda suka riga mu sanin hanyar Duwala ko Dakar su rubuto nasu a ƙasa domin matasa su amfana. Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a nema, ya ciyar da mu halal.