Wankau na Da

A da, da wuya ka sami unguwa a Kano ko Zariya da ba ta da wankau. Haka ake kiran mai wanki da guga don a biya shi, kuma sau da yawa sunan sana'ar yakan danne na yanka, yara su tashi ba su san shi da wani suna ba. Wasu kan faɗi sunan da ɗan raini, abin da ban taɓa ganin dacewarsa ba, tunda shi ɗin ake danƙa wa babbar rigar Sallah.

Da sassafe yake bin gidaje. Ya yi sallama a zaure, yaro ya fito da kaya ƙunshe a tsohon zani. Babu rasit, babu rubutu. Wani yakan ɗaura zare a bakin riga don shaida, amma yawancinsu ido ne kawai. Kayan gida goma za su haɗu a ruwa ɗaya, amma kowace taguwa ta koma wa mai ita, har da canjin da aka manta a aljihu.

Wankin kuwa a bakin rijiya ko kududdufi ake yi. A Kaduna bakin kogi ne, a Yamai ma gaɓar kogin Kwara ce, kusa da gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Sabulun sanda, bula don farin yadi ya yi haske, sai sitaci.

A wurin guga ake gane gwani. Dutsen guga na gawayi ne, mai nauyi, a cika shi da garwashi a yi ta fifita. Wankau zai yayyafa wa riga ruwa, ya goge gindin dutsen da tsumma, ya fara gwada zafinsa a kan wani ƙyalle, domin tartsatsi guda ya isa ya huda yadin da kuɗin wankinsa na wata ba zai saya ba. Shadda mai tsada ma ba ya kusantar ta da wuta, wurin masu bugu yake kai ta, su ɗora a gungume su yi ta duka har ta ɗauki ƙyalli. Hula kuma da nata masu wankin daban.

Yanzu shaguna masu inji da janareta sun karɓe manyan kaya, suna ba da rasit, suna sa riga a leda. Wankau na unguwa ya koma kan kayan yau da kullum da yunifom ɗin 'yan makaranta, kuma saboda rashin tsayayyiyar wutar lantarki, har yanzu da gawayi yawancinsu suke guga.