Yadda Na Bari Aka Yi Gwanjon Babur Ɗina

Jincheng ne, na hannu, na saye shi a wajen wani maƙwabcinmu da zai koma ƙauye. A zaure muka yi ciniki. Na ƙirga masa kuɗi, ya miƙo min makulli da wani koɗaɗɗen rasit mai ɗauke da sunan wanda ya fara sayen babur ɗin, muka yi musabaha, shi ke nan. Kunya ta hana ni cewa ya rubuta min ko layi ɗaya, don mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci. Alhali tun ina makarantar allo na san aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a kan ciniki.

A damunar 2021 ƙanena ya ari babur ɗin da dare. 'Yan sanda suka kai sumame majalisar da yake zaune, aka kwashe su duka har da ababen hawansu. Washegari aka sallame shi, ba a tuhume shi da komai ba. Babur dai ya zauna a caji ofis.

Da na je, ɗan sandan da ke kan kanta ya ce, "Malam, ina takardunka?" Ina tuna sunan da ke jikin rasit ɗin sai gabana ya faɗi. Na raya a zuciyata cewa za a ce na sata ne, a wuce da ni ciki. Na ce masa na manta su a gida, na juya ban sake komawa kantar ba.

A gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa wani mutum ya tare ni, ya ce ya san kowa a ciki, in bar masa komai. Sau uku ina ba shi kuɗi, kullum da sabon zance: yau oga ya yi tafiya, gobe mai ajiyar kayan shaida ba ya nan. Wata na huɗu na leƙa ta katanga na hango babur ɗin cikin 'yan'uwansa. Tayoyi sun sace, rana ta tsaga sirdi har soso ya fito, an rubuta lamba da farin fenti a jikin tanki, ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafar baya. Na tsaya ina kallonsa kamar na wani.

Bayan shekara guda na sake leƙawa, wajen wayam. Aka ce an yi gwanjonsa bisa izinin kotu, cikin kayan da ba wanda ya zo nema, bayan an buga sanarwa. Na fita ina kumfar baki, ina cewa an zalunce ni.

Wani abokina lauya ne ya sauko da ni. Ya buɗe min sashe na 10 na dokar gudanar da shari'un laifuka ta tarayya ta 2015, ya ce Kano ta yi irin tata a 2019, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta bi wannan layi. Duk abin da aka karɓa a hannun wanda aka kama, dole a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda da wanda aka kama su sa hannu, a ba shi kwafi. Mai kaya na iya neman a sakar masa kayansa bisa alkawari a rubuce cewa zai kawo su in an buƙata. In 'yan sanda sun ƙi, magana ta tafi gaban alƙali. Wanda kuwa aka sallama don ba hujja a kansa, a mayar masa da kayansa, muddin ba su da alaƙa da laifi.

Ya ce, "To kai, ina takardar da ka rubuta wa DPO?" Na yi shiru. Ya ce da na yi takardar rantsuwa a kotu mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, na kawo wanda ya sayar min ya ba da shaida, da tuni an wuce wajen. Mutumin yana raye, lambarsa ma tana cikin wayata. Surutun ɗan gindin darbejiya ba ya shiga rajista, don haka a idon hukuma babur ɗin ba shi da mai shi. Kuɗin da na zuba masa ya ninka na takardar rantsuwa sau da yawa, kuma toshiya ce na yi niyyar bayarwa, ko ban furta ba. Wannan ya fi asarar babur ɗin ci min rai.

Ƙanena ya daɗe yana ɗauka laifinsa ne, har ya daina haɗa ido da ni. Na kira shi na gaya masa yadda aka yi tun daga zaure har kanta, na roƙe shi gafarar shekarar da na bar shi ɗauke da kayan da ba nasa ba.

Bara da na sayi wani babur, na sa aka kira shaidu biyu da mai unguwa. Mai sayarwa ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce na yarda, na miƙa masa biro.