Kwanon Tuwon Gwaggo

A Tudun Wadar Zariya akwai wani dattijo tela, wanda in an zauna hira da shi ba a tashi sai ya kawo zancen gwaggonsa. Ba ta bar masa gida ko gona ba. Abin da ta bar masa labari ne, shi kuwa yana riƙe da shi kamar wanda ya gāji sarauta.

A shekarar 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Kiranta ya iso Zariya, inda Hajiya Gambo Sawaba, tana yarinya mai shekara goma sha bakwai, ta shiga, ta zama shugabar mata. Abin da suke nema shi ne a daina sa talaka aikin tilas, a sassauta haraji, a bar aurar da yarinya tun ba ta isa ba, mace kuma ta sami ikon jefa ƙuri'a. Gwaggon nan tana cikin matan da suka bi ta. Mai sayar da ƙosai ce, ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in ta ji an zalunci wani ba ta iya haɗiye magana.

To, a zamanin nan ba abin alfahari ba ne a ce 'yar gidanku tana tsayawa a dandali tana jawabi gaban maza. Ran da aka ɗaure ta, uban yaron, watau wanta, ya kwana uku bai zauna a zaure ba don kunya. Ya ce ta zubar da mutuncin gidan. Duk da haka, in azahar ta yi sai ya sa a zuba tuwo a kwano, ya miƙa wa yaron ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Kai wa gwaggonka. Kada ka tsaya wasa a hanya."

Tafiyar nan ita ce dattijon ya fi daɗewa yana kwatantawa. Yara na binsa suna kiransa ɗan gidan fursuna, shi kuwa kwano a ka, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Da ya isa sai gandiroba ya tsokane tuwon da tsinke, kāna a miƙa ciki. Sai daga baya ya ji ashe loma biyu take ci, sauran ta raba wa matan da ba mai kawo musu kome. Hajiya Gambo ita kam sau goma sha shida aka ɗaure ta kafin ta rasu a 2001, ga shi yau asibiti guda a Zariya sunanta yake ɗauke da shi. Gwaggo sau ɗaya aka ɗaure ta, ba kuwa littafin da ya ambace ta.

Sai a 1976 aka ba matan Arewa ikon yin zaɓe. A zaɓen 1979 telan nan, wanda ya riga ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, shi ya riƙe hannunta zuwa rumfar zaɓe, gama idonta ya yi rauni. Wan nata, da tsufansa da sandarsa, ya biyo su a baya, duk wanda ya gamu da shi sai ya nuna ta, ya ce, "Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Kwanon yana nan a shagon telan, a ciki yake zuba maɓallai.