Wanzamin Karnuka

Akwai wata tambaya da na shafe shekara uku ina gudun ta kamar yadda wanda ake bi bashi yake gudun layin mai kanti. Tambayar kuwa ita ce, "Wai kai wace sana'a kake yi ne?" Duk wanda ya yi mini ita amsa ɗaya nake ba shi: "A asibiti nake aiki." Ban yi ƙarya ba, amma kuma ban faɗi gaskiya ba. Asibitin dai asibiti ne, sai dai na dabbobi ne, ni kuma aikina a ciki shi ne yi wa karnuka da kyanwoyi wanka da aski da yankan farce.

Ni ɗan Tudun Wadar Kaduna ne, kuma asalin sana'ata aski. A 2016, shekarar da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, mahaifinmu ya rasu ya bar ni da Inna da ƙanne huɗu. Abin da nake samu a shagon maigidana bai wuce na cefanen yini ba. Cikin masu zuwa aski akwai wani likitan dabbobi, dattijo marar yawan magana. Wata rana ya tarar ina yi wa wani yaro ɗan shekara biyu aski, yaron yana ta tsala ihu yana fizge-fizge, ni kuma ina lallashinsa har na gama ban yanke shi ba. Da na zo kan Dakta sai ya ce, "Yaro, kana da hannu, kana kuma da haƙuri. Za ka iya yi wa wanda ba ya magana aski?" Da ya faɗi albashin, sai na ga ya ninka abin da nake samu. Ban tsaya dogon tunani ba na amsa.

Ranar farko ko almakashi Dakta bai bari na taɓa ba. Abin da ya fara yi shi ne tura ni a yi mini allurar riga-kafin ciwon haukan kare, ya ce duk mai aiki da karnuka da ita yake farawa. Daga nan na yi sati biyu ina kallo kawai. Na koyi yadda ake sa wa kare takunkumi, da yadda ake naɗe kyanwa cikin tawul don kada ta yage ka, da yadda ake karanta dabba tun kafin ka kai hannu. Karen da ke haushi yana ja da baya tsoro yake ji. Wanda za ka kiyaya shi ne wanda ya yi shiru, ya sandare, ya ƙura maka ido.

Mai karatu, kada ka ɗauka wankan kare zuba ruwa ne da goga sabulu. Sai ka fara taje gashin tukuna, domin gashin da ya cukurkuɗe idan ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake yi. Sai ka kiyaye kada ruwa ya shiga kunne, domin danshi a kunnen kare ciwo yake jawowa. Sabulun ma nasu daban ne. A cikin farcen kare akwai jijiyar jini, in farcen fari ne za ka hango ta ja-ja, in baƙi ne sai dai ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan, ka wuce wuri jini ya ɓalle. Masu manyan karnukan nan na Jamus daga Malali da Barnawa sukan zo lokacin zafi su ce a yi wa karen tal-kwabo don ya sha iska. Sai mu yi musu bayani cewa kare ba ya gumi ta fata kamar mu, da haki yake fitar da zafi, gashin nan kuma shi ke kare masa fata daga rana. Tajewa ake yi a cire mataccen gashin ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hannun mai wanka ke riga kowa gano ciwo. Mai kare yana ganin karensa daga nesa, mai gadi yana miƙa masa abinci, ni kuwa sai na bi jikinsa kaf, daga bayan kunne har tsakanin yatsu. A nan kaska ke ɓuya, musamman da damina. Ba a fizge ta, ba a ƙona ta da ashana. Kama ta ake yi da hantsaki dab da fata a ja a hankali, don kada bakinta ya karye a ciki. Kuma ko ka cire ta tas, in ba a yi wa ɗakin karen feshi ba aikin banza ne, domin a tsagar bango take zuba ƙwai dubbai. Dakta ya koya mini in riƙa ɗaga leɓen kare ina duba dasashi. In ya yi fari fat maimakon ja, to, wataƙila cutar da kaska ke sawa ta fara cin jininsa, sai in kira shi nan take. Karnuka da yawa an kawo su wanka ne kawai suka ƙare da kwanciya.

Na kuma ga ɓarnar da ƙauna ke yi idan babu sani. Na ga karen da aka shafe da baƙin mai wai maganin ƙazuwa, fatar ta ƙone. Na ga wanda aka yi wa wanka da fiya-fiya don kashe ƙuma, aka kawo shi yana dalalar da miyau yana karkarwa. Wadda ba na mantawa ita ce wata Hajiya mai farar kyanwa 'yar Farisa, irin masu dogon gashin nan, wadda duk wata nake taje ta. Ta ga kyanwar ba ta cin abinci sai ta ɓalli farasitamol ta ba ta. Ba ta san hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani ba, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kafin la'asar kyanwa ta mutu a kan teburina, Hajiya tana kuka tana cewa, "Ni na kashe ta da hannuna."

Duk wannan da nake koyo, a gida babu wanda ya sani. Ina da kaya biyu, in na tashi aiki sai in yi wanka in sauya kafin in hau mota. Inna tana alfahari a gidan biki cewa ɗanta ma'aikacin asibiti ne. Matan layinmu suka fara kira na Likita, har da masu aiko yara da takardar magani in duba musu. Sai in ce ba ɓangarena ba ne.

To, Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2019 na fara neman aure, har manya sun shiga maganar. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, lokacin da asibiti ke cika da raguna, sai ga kawun yarinyar ya kawo ragon layyarsa yana tari. Yaron da ke karɓar baƙi ya nuna masa hanyar baya. Yana shigowa ya gan ni tsugune, sanye da takalmin roba da safar hannu, na rungumi wani ƙaton kare, kumfa har gemuna. Muka haɗa ido. Na ce, "Kawu, ina wuni?" Ya dube ni, ya dubi karen, ya ce, "Lafiya lau. Ashe nan ne asibitin?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Bayan Sallah da kwana huɗu aka dawo mana da kayanmu. A bakin 'yan aiken Inna ta ji cewa ba za su ba wanzamin karnuka 'yarsu ba. Da dare ta kira ni ɗakinta, na zauna a ƙasa ina jiran faɗa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Shekara uku ina cin tuwon da ka sayo, ban san inda ya fito ba. Karnukan ba su dame ni kamar yadda ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban mutane ba." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kunya na ji." Ta ce, "In haram ne ka bari. In halal ne, kunyar me?"

Wannan tambaya ce ta kai ni zauren malaminmu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, duk mai rai jikinsa mai tsarki ne, har da guminsa da miyansa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Ya ce Shafi'iyya sun saɓa, a wurinsu kare najasa ne, don haka kada in raina mai ƙyama. Ya tuna mini cewa an hana ajiye kare haka kawai, in ba don farauta ko kiwo ko gona ba, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Sannan ya kawo labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa da yunwa har ta mutu. Ya ce, "Ka tsarkake jikinka da tufarka daga fitsari da kashi da jini, ka tsare sallarka, ka riƙe sana'arka."

Na dawo gida da sanyin zuciya, amma fatawa ba ta sauya unguwa a dare ɗaya. Sunan Likita ya ɓace, Wanzamin Karnuka ya maye gurbinsa. A majalisa wasu suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ni. Inna ma ta ware mini bokiti da soso a bakin zaure, ta ce can zan riƙa wanke hannu kafin in shigo. Ban yi musu ba.

A 2021, wata ranar Asabar da yamma, na ji ihu a layinmu. Wani karen da ba a san mai shi ba ya ciji ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara bakwai, a ƙwauri. Kafin in isa samari sun kashe karen, wata tsohuwa har ta sa a tsigo gashinsa a ƙona a barbaɗa a ciwon, wani kuma yana cewa a ɗaure da tsumma. Ban san lokacin da na ture mutane na ɗauki yaron zuwa bakin famfo ba. Na ce a kawo sabulu. Na wanke ciwon da ruwa mai gudu minti 15 cif ina duba agogo, yaro yana kuka, uwarsa tana cewa ya isa haka. Na ce wa uban, "Yaya, don Allah yanzu za mu tafi asibiti a fara masa allura. Ciwon nan in ya nuna alama, yaro ya fara tsoron ruwa, babu likitan da zai iya tsayar da shi." Ya ce ai ɗan ƙwarzane ne, allurar kuma da tsada. Na ce zan ranta masa. Inna ce ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ku bi maganarsa, aikinsa ne."

Na hana a jefar da gawar karen. Na kira Dakta, ya zo ya ɗauki kan cikin ƙanƙara, aka aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, inda ake gwada ƙwaƙwalwar irin waɗannan karnuka. Sakamako ya dawo cewa karen yana ɗauke da cutar. Yaron ya kammala alluransa, yanzu haka yana makarantar sakandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne. Abin takaicin shi ne tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar a kan wani yaro a Faransa ta yi aiki. Mu har yanzu gashin kare muke ƙonawa.

Ba zan ce muku daga ranar kowa ya rungume ni ba. Wadda na so ta daɗe a ɗakin wani. Har gobe akwai masu kira na Wanzamin Karnuka, sai dai yanzu ina amsawa. Bokitina yana nan a bakin zaure, ni da kaina nake cika shi. Abin da ya sauya shi ne, in kare ya ciji wani a layinmu ƙofarmu ake fara bugawa, kuma duk wanda ya tambaye ni sana'ata ina gaya masa kai tsaye: wanka da aski nake yi wa dabbobi a asibitinsu.

Kwanakin baya na dawo aiki na tarar da Inna zaune a tsakar gida, kyanwar da ke kama mata ɓera tana kwance a gefen tabarma. Ta ce, "Kai, zo ka duba mini kunnen 'yar nan, tun jiya take susa." Na wanke hannu a bokitina, na zo na tsuguna na duba. Kaska ce guda ɗaya. Na ce ta miƙo mini hantsaki, ta riƙe mini kan kyanwar da hannunta.

Allah Ya ba mu sana'a ta halal, Ya kuma ba mu ƙarfin halin faɗin sunanta. Sai mun sake haɗuwa.