Jirgin Gwangwani a Cikin Daro



A hutun lakwal da ya wuce, yaranmu uku sun tsinci hoton wani jirgin ruwa a cikin tsohon littafin tarihi na Faransanci, suka zo suna tambayar yadda ƙarfe yake zama bisa ruwa bai nutse ba. Mu kuwa mutanen tudu ne, Gulbin Maraɗi ma sai da damina yake kawo ruwa. Da muka rasa amsar da za ta gamsar da su, sai muka ce a kawo gwangwani a gwada.

Jirgin da ke hoton shi ne La Gloire, wanda Faransa ta saka a ruwa a 1859. Jikinsa katako ne, aka yi masa sulke da fallayen ƙarfe masu kaurin kusan santimita 12. Sai dai dogayen sandunansa da ƙyallayen kama iska sun fi ƙarfin hannunmu. Don haka muka koma ga wasu jirage biyu na yaƙin basasar Amurka, Monitor na Arewa da Virginia na Kudu, waɗanda siffarsu ba ta da wuyar kwaikwayo.

Virginia bai ba mu wahala ba. Muka yanko tafin tsohon silifa, muka ɗora masa rufi mai gangare irin na gidan kwano, muka huda tagogi muka cusa guntayen totuwar kara a madadin igwa. Monitor ne ya cinye mana wuni guda. Shi shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, da wata hasumiya zagayayya a tsakiyarsa, ɗauke da igwa biyu, tana juyawa ta fuskanci duk inda ake so. Wannan dabarar John Ericsson ce, mutumin Suwidin. Gwangwanin sardin ya zama jikin jirgin, muka rufe shi da falle, muka kifa ƙaramin gwangwanin tumatir a kai, muka soke shi da ƙusa ɗaya domin ya riƙa juyawa. Duk wanda zai gwada, ya lanƙwashe bakin gwangwanin da filaya tun kafin yaro ya taɓa, domin mu sai da yatsa ya yi jini muka tuna.

Muna cikin aikin Hajiya, kakar yaran, ta leƙo daga ɗaki.

"To, yanzu kayan yaƙi kuke koya musu?" in ji ta. "Kada dai in ga an sassaƙa mutum-mutumi an ɗora."

Muka ce, "A'a Hajiya, jirgi ne kawai, ba mai rai ba." Ta yarda da wannan, amma tambayarta ta farko ba mu amsa ba, kuma ta tsaya mana a rai.

Bayan la'asar aka cika daron wanki. Muka fara jefa gwangwanin da aka taka ya lotse, ya tafi ƙasa nan take. Ɗan'uwansa mai nauyi ɗaya da ba a taka ba ya tsaya bisa ruwa, saboda faɗin cikinsa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Amsar tambayarsu ke nan, kuma da idonsu suka gan ta. Aka saka jiragen biyu, aka yi ta harbi da tsakuwa. Muka ba su labarin cewa ranar 9 ga Maris, 1862, a Hampton Roads, na gaskiyan sun shafe sa'o'i suna luguden wuta, babu wanda ya iya nutsar da ɗan'uwansa.

Sai autanmu ya kaɗa ruwan da hannu. Igiyar ruwa ta haye kan Monitor, ta shiga ta ramin ƙusar, jirgin ya karkace ya nutse. Yara suka fashe da dariya.

Nan muka yi shawara a zuci, ko mu bar su da dariyarsu, ko mu faɗa musu. Muka faɗa. Na gaskiyan ma haka ya ƙare. Tsayinsa daga ruwa bai kai rabin mita ba, kuma a daren 31 ga Disamba na wannan shekarar guguwa ta same shi a teku kusa da Cape Hatteras, ya nutse da mutum 16. Sai a 2002 aka ciro hasumiyarsa, aka tarar da ƙasusuwan mutum biyu a ciki. Muka ƙara musu da cewa tushen yaƙin shi ne bautar da baƙar fata, mutanen da aka kwashi kakanninsu daga wannan nahiya tamu.

Tsakar gida ta yi tsit. Hajiya, da muke zaton ba ta saurare, ta ce daga bakin ƙofa, "Su ma ƴaƴan wasu ne."

Babbar ƴarmu ta sa hannu ta ciro gwangwanin, ta zazzage ruwan, ta tambaya ko akwai kakin da za a toshe ramin ƙusar. Muka narka guntun kyandir. Ana kiran magariba suna gardamar ko a ƙara wa gefensa tsawo, ko a bar shi yadda mai shi ya ƙera shi.